Yadda Za Ka Ceci 'Ya'yan Kwaɗi Idan Ruwansu Ya Fara Ƙafewa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san halin farkon damina. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, manomi ya fita shuka, da dare kwaɗi su cika gari da kuka, sai kuma sama ta ɗauke cak har kwana goma ko mako biyu. Manomi yana kallon geronsa yana yaushi. A can gefen hanyar gona kuwa, cikin ɗan ruwan da ya kwanta a sawun tayar mota, kwaɗin nan sun riga sun zuba ƙwai tun daren farko, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan suna iyo, ruwan kuma kullum ja da baya yake yi.

Haka muka tarar da su ni da ɗana wata rana da hantsi, muna dawowa daga gona. Ruwan bai fi faɗin faifai ba, zurfinsa bai kai gaɓar yatsa biyu ba, ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. A ciki ga talibambam, wato 'ya'yan kwaɗin da ba su yi ƙafa ba, baƙi ƙirin, sun cunkushe wuri guda suna motsi kamar tafasar miya. Na gefe har sun maƙale a laka, kiyashi ya fara jansu. Yaron ya ce, "Baba, in muka bar su za su kai gobe?" Ba za su kai ba. Muka kwaso su a gwangwani, na zuba musu ruwan famfo a sabon baho, na ajiye a tsakar gida. Kafin la'asar babu ko ɗaya mai motsi. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigin inda na yi kuskure, kuma a damunan da suka biyo baya mun ga ɗaruruwa sun yi ƙafa sun koma jeji.

Abin da na fahimta shi ne, halittun nan kwanaki kawai suke nema. Mafi yawan irin da muke da su a yankinmu suna gama rikiɗa cikin mako uku zuwa shida, wasu ma ba sa kaiwa haka. Aikinka shi ne ka ara musu kwanakin da ruwan sama ya hana su, da ƙarancin taɓawa gwargwadon iko, sannan ka mayar da su inda ka same su.

Kafin ka ɗebi ko ɗaya

Tsaya ka duba wurin tukuna. Kafa ɗan tsinke a daidai bakin ruwan da safe, ka dawo da yamma ka ga iya tazarar da ya ja. Idan ruwan ya kai tsawon tafin hannu a zurfi, ga kuma hadari yana haɗuwa a gabas, ƙyale su. Idan kuwa bayansu ya fara fitowa waje in suna iyo, lakar gefe ta fara tsagewa, to yau ne ko babu.

Ko a hakan ma, kai su gida shi ne zaɓi na ƙarshe. Na farko, ƙara musu ruwa a inda suke. Bokiti biyu ko uku na ruwan sama ko na rijiya, a zuba a hankali ta gefe kada ya dama laka, a jingina reshe mai ganye ko tsohon zana ya yi musu inuwa, yakan ja musu kwana biyu ko uku, wanda sau da yawa shi ne abin da ya rage kafin ruwa ya dawo. Na biyu, duba ko akwai kududdufi ko wani kwari mai ruwa kusa. Idan tazarar taku kaɗan ce, ka ja musu 'yar hanya da fartanya su bi ruwan da kansu. Wannan dabarar ma kwaɗi sun riga mu. A Kudancin Afirka akwai wani ƙaton kwaɗo da namijin ke zama gadin 'ya'yansa, idan ya ga ruwansu na ƙafewa sai ya haƙa musu hanya da ƙafafunsa na baya har zuwa ruwa mai zurfi. Idan jan hanya bai yiwu ba, ɗebe su ka kai ruwa mafi kusa, amma ka zaɓi mara kifi. Tarwaɗa za ta share su a dare ɗaya, kuma dama abin da ya sa uwar ta zaɓi ɗan ruwan da ke ƙafewa ke nan: babu kifi a ciki. Sake su a gefe mai ciyawa, inda ba zurfi.

Sai in duk wannan ya faskara ne za ka ɗauko bokiti.

Wata magana kuma da ba na so a tsallake, musamman da yake yara ne suka fi ɗokin aikin nan. Kada yaro ya shiga kududdufi don ceton talibambam. Ban da haɗarin nutsewa, ruwa kwantacce mai dodon koɗi shi ne gidan tsargiya, cutar nan da ke sa yaro fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. A tsaya a gefe a miƙa ludayi, in an gama a wanke hannu da sabulu.

Ɗiba da ɗauko su

Ludayin duma ko ƙaramin ƙoƙo ya fi komai. Kwantar da shi a ruwan, su shiga tare da ruwansu, ka juye a bokiti. Kada ka kama su da yatsu. Fatarsu siririya ce, duk abin da ke hannunka, gumi ne, man shafawa ne, ragowar sabulu ne, shiga jikinsu yake yi kai tsaye. Waɗanda suka maƙale a laka, ɗebo su da lakar gaba ɗaya ka sa a ruwa, za su warware da kansu.

Kada ka tace su da gidan sauro. Na ga masu yin haka da kyakkyawar niyya. Gidan sauron da ake rabawa a asibitoci da unguwanni an jiƙa zarensa da maganin ƙwari, kuma maganin nan guba ne ga halittun ruwa ko da gidan ya tsufa. Haka nan bokitin da aka taɓa dama maganin feshi a ciki, ko jarkar fetur, ko robar wanki. Ko an ɗauraye, ba a gama da su ba.

Ɗebo ruwan wurin iya abin da za ka samu, ko da ya yi kama da kunu. Haɗo da ɗan laka cikin hannu ɗaya, da duwatsu biyu ko uku masu gansakuka, da ruɓaɓɓun ganyen da ke ƙasan ruwan. Wannan shi ne abincinsu na asali. Bokitin kada ya wuce rabi, kada a rufe shi ruf, a ɗora ganye a sama saboda rana da tangaɗi, a tafi gida kai tsaye.

Kada ka ce sai ka kwashe duka. Kwaɗuwa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, kuma tun asali kaɗan ne ke kai labari. Balbela da zalɓe da ƙwarin ruwa duk da su suke rayuwa. Ɗauki adadin da mazubinka zai iya riƙewa. Talatin da suka rayu sun fi ɗari uku da suka mutu a baho saboda cunkoso.

Ruwa, inda aka fi yin asara

Abin da ya kashe namu na farko abu biyu ne: kulorin da rana. Ruwan famfo ana sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, ga mutum alheri ne, amma talibambam ta cikin ruwa yake shaƙar iska kamar kifi, kulorin kuwa ƙone masa wurin shaƙar yake yi. Idan ba ka da wani ruwan sai na famfo, tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana biyu kafin ka yi amfani da shi, kulorin ɗin zai fice. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta shi ne na ɗaya, sai dai a bar na farkon zubowa daga indararo ya wuce da ƙurar kwano. Ruwan rijiya ma yana yi, in ba mai gishiri-gishiri ko kanwa ba ne. Wanda aka sa wa alif don ya kwanta, a bar shi.

Mazubi mai faɗi ake so, zurfi ba shi ne abin nema ba, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Babban baho na roba ko kaskon ƙasa mai faɗin baki ya wadatar. Ni na fi son na ƙasa, saboda yana riƙe sanyi kamar randa. Zurfin ruwan ya tsaya tsakanin santimita 8 zuwa 12, kusan faɗin tafin hannu ko ɗan fiye. A ƙa'idar da nake bi, ƙanana baƙaƙen nan kada su wuce uku zuwa biyar a kowace lita, manya kuwa kowane ɗaya da litarsa. Bahon da ya ci lita 10 ke nan zai ɗauki ƙanana talatin zuwa hamsin.

Kada ka juye su cikin sabon ruwa farat ɗaya. Sun fito daga ruwa mai zafi, na gida kuma mai sanyi ne, canjin kwatsam yana sumar da su. Zuba su a bahon da ruwansu na asali, sannan ka riƙa ƙara sabon ruwa kofi ɗaya bayan kowane minti goma, har ya kai yadda kake so. Sa'a guda za ta ci, ka ba ta.

Wurin ajiya kuwa, gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa, inda hasken safe zai ɗan taɓa su na sa'a ɗaya ko biyu amma ranar azahar ba za ta same su ba. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, ga shi kuma baho ba shi da ƙasa mai sanyi a ƙarƙashinsa kamar tafki. Duhun ɗaki ma bai dace ba, gansakuka ba za ta tsiro ba. Ɗora shi inda kaji da agwagi ba za su kai ba. Agwagwa ɗaya za ta gama da aikin mako uku kafin ka idar da alwala. Nesanta shi da wurin wanke-wanke, da inda ake fesa maganin sauro ko kunna na hayaƙi.

Rufe bakin da ragar waya irin ta taga, ko tsohon mayafi shara-shara da aka ɗauraye sosai da ruwa zalla, a ɗaure da igiya. Wannan rufin ba don tsuntsaye kaɗai ba ne. Baho buɗe a tsakar gida da damina wurin ƙyanƙyasar sauro ne, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwan sauro ya zama mai cizo. Mutane suna ɗauka talibambam zai cinye tsutsotsin, amma mafi yawansu masu kankarar gansakuka ne, ba mafarauta ba. Bai kamata ceton kwaɗi ya jawo wa gida zazzaɓin cizon sauro ba. In ka ga tsutsotsi suna wutsil-wutsil a saman ruwa, kwashe su da cokali ka zubar a busasshiyar ƙasa.

Bayan kowane kwana biyu ko uku, kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da kofi, ka mayar da sabo wanda ya kwana kusa da bahon don zafinsu ya zo ɗaya. Kashinsu da ragowar abinci suna ruɓewa su zama guba a ruwan da ba ya gudu. Kada ka canza duka, kada ka kankare bahon. Koren da ya kama jikinsa abinci ne. Hanci zai gaya maka gaskiya: ruwa mai ƙamshin ƙasa lafiya lau ne ko da kore ne, mai wari kuwa a canza rabinsa nan take. Haka in ka ga duk sun taso sama suna haki ba sa komawa ƙasa. Wanda ya mutu a cire shi da wuri.

Su wane ne a bahon

Kwana ɗaya da kawo su, in laka ta kwanta, zauna ka kalle su da kyau, domin ba duka iri ɗaya ba ne. Ƙanana baƙi wuluk masu tafiya a garke, galibi 'ya'yan kwaɗon nan ne mai kaushin fata da ke zuwa ƙarƙashin fitila da dare yana lasar ƙwari. Su ne mafi sauƙin riƙo. Idan ka ga wani ya fi saura girma nesa ba kusa ba, mai ƙarfin baki, launinsa kamar na laka, yana bin 'yan uwansa a guje, wannan ɗan burduddugi ne, kuma nama yake ci. Zai cinye ƙananan ɗaya bayan ɗaya, ka wayi gari kana ƙirga ana raguwa ba ka ga gawa ba. Ware shi a nasa mazubin. Shi ne wanda za ka riƙa zuba wa tsutsotsin sauron da ka kwashe. Akwai kuma wasu garai-garai da ake hango cikinsu, masu gashin baki biyu kamar tarwaɗa, suna rataye a tsakiyar ruwa kai ƙasa. Waɗannan tace ruwa suke yi su ci abin da ke cikinsa, ganye ba ya yi musu amfani, ko sun girma ma a ruwa suke zama. Su kam a nema musu kududdufi mafi kusa a kai su, riƙonsu a gida wahala ce.

Abinci

Kwana biyun farko gansakuka da ruɓaɓɓen ganyen da ka zo da su sun isa. Daga nan sai ka tafasa ganyen alayyafo ko latas na minti biyar zuwa goma har ya yi laushi, ba gishiri, ba kanwa, ba mai, ya huce, ka tsinka musu kamar faɗin farcen babban yatsa ga kowane goma. A wanke ganyen sosai kafin a dafa, saboda na lambu yakan sha feshi. Za ka ga sun yi masa rumfa suna kankara har ya koma kamar raga. Abin da ya kwana ba a cinye ba, cire shi, gobe ka rage.

A nan ne tausayi ke yin ɓarna. Yara za su so su jefa musu tuwo, burodi, ƙanzo, har da ragowar miya. Duk wannan ruɓar da ruwa yake yi cikin sa'o'i, garin neman gira a rasa ido. Talibambam da wuya yunwa ta kashe shi a baho mai gansakuka, amma ruɓaɓɓen ruwa yana kashe su gaba ɗaya a dare guda. Idan ƙafafun baya suka fara tsirowa, jikinsu yana buƙatar abin gina jiki: ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai kamar ƙwayar dawa, ko ƙwaya biyu na abincin kifin da masu kiwon tarwaɗa ke saya, a murƙushe, sau biyu a mako, a ranar da za a canza ruwa.

Ranar da hannaye suka fito

Ƙafafun baya ne ke fara fitowa, 'yan mitsi-mitsi a gindin wutsiya, su yi kwanaki suna girma. Na gaba kuwa a ɓoye suke girma ƙarƙashin fata, sai rana ɗaya ka ga sun ɓullo, wani lokaci ɗaya ya riga ɗaya da 'yan sa'o'i. Daga wannan lokacin komai na jikinsa juyawa yake yi. Abin shaƙar ruwa yana shanyewa, huhu ya karɓi aiki, ɗan bakin kankara ya wangale ya zama bakin kwaɗo, dogon hanjin cin ganye ya gajarce ya koma na cin ƙwari. Wutsiyar ba guntulewa take yi ba, jiki ne ke shanye ta, ita ce guzurinsa na kwanakin da ba ya iya cin komai. Don haka in ka ga mai ƙafa huɗu ya daina kula ganye, ba ciwo ba ne. Kada kuma a bar yaro ya ja wutsiyar wai zai taimaka masa.

Haɗarin wannan mataki shi ne nutsewa. Abin da ya yi makonni a ruwa yanzu iska yake shaƙa, ƙafafunsa ba su yi ƙwari ba, jikin baho kuma santsi. In bai sami abin hawa ba zai yi ta iyo har ya gaji ya mutu a cikin ruwan da ya raine shi. Mun rasa wasu ta haka a shekara ta biyu, bayan duk wahalar ta wuce, kuma ya fi na farko ciwo. Saboda haka tun ranar da ka ga ƙafar baya ta yi gwiwa, rage ruwan zuwa santimita 3 ko 4, ka sa dutse ƙarƙashin gefe ɗaya na bahon ya karkace, ɓangare guda ya zama tudu. Zuba yashi mai laima a tudun, ka jingina ɓawon itace ko fasasshen kasko wanda rabinsa ke ruwa rabi a waje, ka ɗora ɗanyen ganye su sami maɓoya. Ƙara ɗaure murfin, domin masu ƙafa huɗu suna hawa bango fiye da yadda kake zato, kuma wanda ya faɗo a busasshen siminti da rana ba ya daɗewa.

Mayar da su

Wutsiya takan shanye cikin 'yan kwanaki. Da zarar ta koma ɗan guntu, lokaci ya yi. Kada ka riƙe su don sha'awa. Ɗan kwaɗo abin da ke motsi kawai yake ci, kiyashi da ƙananan gara da ƙwarin da ido da ƙyar yake gani, kuma ba za ka iya wadata talatin da wannan ba.

A mayar da su wurin da aka ɗebo su, ko kusa da shi iya tafiyar ƙafa. Kada a ɗauke su a mota a kai wani gari ko wani dam wai can ya fi ruwa. Akwai wata cutar fata da wani irin fumfuna ke sa wa kwaɗi, wadda masana suka gano a 1998 bayan ta yi ta kashe su a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya har wasu irin suka ƙare ƙaf, kuma jigilar kwaɗi daga wuri zuwa wuri na cikin abin da ya yaɗa ta. Ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa. Mu ma nan muna gani da idonmu: kududdufan cikin birane ana cike su ana gini, maganin ciyawa ya shiga kowace gona, burduddugi kuma ana kama shi buhu-buhu ana busarwa ana kai wa kasuwannin kudu. Ga wanda ke tambayar ko wahalar ta cancanta a kan kwaɗo, ni abin da ke zuwa mini shi ne hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Manomi kuma ya san adadin ƙwarin da kwaɗo ɗaya ke lashewa a gona a dare.

Idan ruwan sama ya dawo tun suna talibambam, wurinsu ya sake cika, ba sai ka jira sun yi ƙafa ba. Mayar da su a ranar, ka daidaita zafin ruwan kamar yadda ka yi da farko, ka karkata bokitin su fita da kansu.

Masu ƙafa kuwa, zaɓi yammacin da aka yi ruwa ko ƙasa ke da laima, gab da magariba, lokacin da rana ta yi sanyi tsuntsaye kuma sun koma sheƙa. Sa su a bokiti da jiƙaƙƙen ganye da ruwa ɗan kaɗan wanda bai rufe su ba. In kun isa, nemi ciyawa mai duhu a gefen ruwa, nesa da sawun mota da gonar da aka yi wa feshi, ka kwantar da bokitin a gefensa ka ja da baya. Na bara da muka saki guda 26 ne, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Sun ɗan yi jim a bakin bokitin, sai ɗaya ya yi tsalle, saura suka bi. Yaron ya tsuguna yana ƙirga su har na ƙarshe ya shige ƙarƙashin tafasa, sannan muka ɗauraye bokitin muka kama hanyar masallaci.